Gyaran Tsohon Jirgin Yaƙi, Sayen Sabo ko Ƙerawa a Gida: Wanne Ya Fi Dacewa da Ƙasa Mai Tasowa?

Duk ƙasa mai tasowa da ke bakin teku takan kai wani lokaci da jiragen yaƙin da ta saya shekaru talatin ko arba'in baya za su tsufa kusan a tare, injinansu su riƙa cin kuɗi fiye da aikin da suke yi, kamfanonin da suka ƙera na'urorinsu kuma su daina yin kayan gyaransu. A nan ne hafsoshin sojan ruwa da ma'aikatar kuɗi da 'yan majalisar da ke amincewa da kasafi suke tsayawa a gaban hanyoyi uku: ko a yi wa tsofaffin garambawul a ƙara musu da na gwanjo, ko a sayo sababbi daga waje, ko kuma a ɗaura niyyar ƙerawa a gida. Kowace daga cikin ukun tana jawo wata tambaya wadda ba a cika furta ta a bainar jama'a ba, wato daga hannun wa za a karɓa, domin wanda ya sayar maka da jirgin yaƙi yana riƙe da makullin injinsa da na makamansa har ranar da za ka yi masa ritaya.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi wajen kwatanta hanyoyin nan guda biyu ne. Na farko, kwana nawa jirgin zai iya yi a cikin teku a kowace shekara da kuɗin da ƙasar za ta iya fitarwa a kai a kai. Na biyu, ƙasashe nawa ne ke da ikon tsayar da shi a tasha ta hanyar hana shi kayan gyara. Girman bindiga da kyawun faretin ranar ƙaddamarwa suna zuwa ne bayan waɗannan.

Kafin a je ko'ina sai an fayyace aikin da ake son jirgin ya yi. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa ikon cin moriyar arzikin ruwa har zuwa mil 200 na teku daga gaɓarta, kuma ga yawancin ƙasashe masu tasowa abin da ke barazana ga wannan yanki shi ne kamun kifi ba da izini ba, da fashin teku, da satar mai, da fasa-ƙwauri. A 2020, daga cikin ma'aikatan jiragen ruwa 135 da aka yi garkuwa da su a duniya baki ɗaya, 130 a Mashigin Tekun Gini aka sace su. Irin wannan matsala ba ta buƙatar makami mai linzami. Abin da take buƙata shi ne jirage da yawa masu jure kwanaki a teku, ɗauke da ƙananan kwale-kwale masu gudu da jirgi mai saukar ungulu. Akwai kuma wasu ƙasashe ƙalilan, irin su Filifin da Biyetnam, waɗanda maƙwabcin da ya fi su ƙarfi yake jayayya da su a kan ruwan kansa, su kuwa lissafinsu dabam ne. Abin da ya haɗa rukunin biyu shi ne wata ƙa'ida da sojojin ruwa suka daɗe da sani: kafin jirgi ɗaya ya kasance a bakin aiki kullum, ana bukatar kusan uku, ɗaya a teku, ɗaya a atisaye ko a hanya, ɗaya a wurin gyara. Ƙasar da ta zuba dukkan kuɗinta a kan katafaren jirgi guda, ta sayi tsaron watanni huɗu ne a shekara.

Hanyar gwanjo ita ce mafi sauri da araha a ranar farko, kuma jiragen samfurin Hamilton na rundunar tsaron gaɓar Amurka sun zama abin misali a kanta, tunda Filifin da Bangaladash da Najeriya da Biyetnam da Siri Lanka duk sun samu rabonsu. Jirage ne masu tsawon mita 115 da aka ƙera tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, masu nisan zango da jure igiyar ruwa. Najeriya ta karɓi NNS Thunder a 2011 da NNS Okpabana a 2014, Bangaladash ta karɓi nata biyu a 2013 da 2015, Filifin kuwa uku ta samu. Ba za a raina amfaninsu ba, domin sun ba waɗannan runduna damar komawa cikin teku mai nisa cikin ɗan lokaci, kuma sun horar da ɗaruruwan matuƙa a kan sarrafa babban jirgi. Amma duk wanda ya karɓi irinsu ya karɓi jirgin da ya riga ya haura shekara arba'in, wanda yake bukatar ma'aikata sama da 150 alhali sabon jirgin sintiri galibi ko rabin haka ba ya nema. Sa'annan ba a miƙa su yadda suke ba. Jirgin farko da Filifin ta karɓa a 2011 an cire masa bindigar kare kai daga makamai masu linzami da na'urar rada mai hango jiragen sama kafin ya bar Amurka, kuma shi ne aka tura tsibirin duwatsun Scarborough, wanda Filifin da Sin ke jayayya a kansa, a watan Afrilu na 2012 lokacin da aka yi cirko-cirko da jiragen Sin.

Indunusiya ta taɓa gwada gwanjo a kan babban sikeli, lokacin da ta sayi jirage 39 na tsohuwar rundunar Jamus ta Gabas a farkon shekarun 1990. Farashin saye ya yi sauƙi ƙwarai, sai dai jiragen an ƙera su ne domin gajeriyar tafiya a tekun Baltik mai sanyi, don haka kuɗin daidaita su da ruwan zafi da kuma sauya wa da yawansu injina daga baya ya shanye arahar da aka yi murna da ita. Chile ce ta nuna yadda ake cin ribar wannan hanya. Ta sayi jirage uku samfurin Type 23 daga Birtaniya a 2005, ɗaya daga cikinsu shekarunsa kusan goma kacal a bakin aiki, kuma samfuri ne da rundunar Birtaniya ke ci gaba da amfani da shi, saboda haka kayan gyara ba su yanke ba, daga baya ma ta sabunta musu na'urorin yaƙi da makaman kakkaɓo jirage. Bambancin Chile da sauran a shekarun jirgin yake, da kuma kasancewar mai shi na asali bai yi watsi da samfurin ba. A ganina waɗannan sharuɗɗa biyu su ne iyakar da ke tsakanin gwanjon da ya dace da wanda zai zama nauyi.

Garambawul ga jirgin da ƙasa ta riga ta mallaka ɗan uwan gwanjo ne, kuma tarihin jirgin Najeriya NNS Aradu ya isa a tsaya a kansa. Kamfanin Blohm + Voss na Hambog ne ya ƙera shi, ya shiga aiki a 1982, tsawonsa kimanin mita 125, kuma a zamaninsa yana cikin jiragen yaƙi mafi ƙarfi a Afirka kudu da Sahara. Gangar jikinsa da injinan dizal ɗinsa na Jamus ne, manyan injinansa na tobin na Birtaniya ne, babbar bindigarsa da makamansa masu linzami kuma daga Italiya suka fito, wanda ke nufin cewa lokacin da Tarayyar Turai ta ƙaƙaba wa Najeriya takunkumin makamai a 1995, kusan duk ƙofofin da yake samun kayan gyara sun rufe lokaci guda. Ya samu ya halarci bikin jiragen ruwa a Ingila a 2005, amma mafi yawan shekarun da suka biyo baya a tasha ya yi su, har zuwa 2023 da aka sa hannu da kamfanin Dearsan na Turkiyya domin sabunta shi. Hujjar masu goyon bayan irin wannan aiki ita ce gangar jirgi mai wannan girma ba ta samuwa da arha, kuma hakan gaskiya ne. Sai dai matsalar garambawul ita ce ba a sanin ainihin kuɗinsa sai an kafe jirgin a busasshen wuri, an buɗe shi, an auna kaurin ƙarfen da tsatsa ta ci, an bi dubban mitocin waya da bututu ɗaya bayan ɗaya. Jirgin da ya kai shekara goma sha biyar zuwa ashirin, garambawul yakan ƙara masa wasu shekarun masu yawa; wanda ya haura arba'in kuwa, ina ganin bai kamata a amince da aikinsa ba sai an fara da binciken gangar jiki, an kuma rubuta iyakar kuɗin da idan aka kai ta za a dakata.

Sayen sabo ya fi tsada a farko, kuma yakan ɗauki shekara uku zuwa biyar kafin jirgi ya iso, amma a nan ne ƙasa take da damar zaɓar girman da ya dace da ita da yawan ma'aikatan da za ta iya biya. A nan ne kuma batun sauyin ƙawance yake fitowa fili. Ƙasashen Yamma suna sayar da na'urori masu inganci tare da horo da atisayen haɗin gwiwa, amma da sharuɗɗan siyasa waɗanda sukan motsa a daidai lokacin da mai saye ya fi bukata. Pakistan ta ɗanɗana wannan: ta karɓi hayar jiragen yaƙi takwas daga Amurka a ƙarshen shekarun 1980, sai takunkumin 1990 a kan shirinta na nukiliya ya sa aka ƙi sabunta hayar, ta mayar da su duka a 1993 da 1994. Tun daga nan ta karkata ga Sin, wadda ta ba ta jirage huɗu samfurin F-22P, na ƙarshensu an haɗa shi a Karachi, da wasu huɗu mafi girma tsakanin 2021 da 2023, sa'annan a 2018 ta ƙulla cinikin jirage huɗu da Turkiyya, biyu a ƙera a Istanbul, biyu a Karachi. Tailan ma ta ƙara matsawa kusa da Sin ne bayan juyin mulkin 2014 ya sanyaya dangantakarta da Amurka.

Sin tana da farashi mai sauƙi, tana cika alkawari da wuri, kuma ba ta cika tambayar yadda ake mulki a ƙasar mai saye ba. Jiragen sintiri biyu na Najeriya, NNS Centenary da NNS Unity, masu tsawon mita 95, daga can suka fito a 2015 da 2016, kuma Unity ne aka tura ruwan Gambiya a watan Janairu na 2017 lokacin rikicin miƙa mulki. Abin da ya kamata mai saye ya auna shi ne wahalar haɗa na'urorin Sin da na Yamma a runduna ɗaya, da kuma yadda maƙwabta da tsofaffin abokai za su fassara cinikin. Turkiyya da Koriya ta Kudu sun shigo tsakiya ne, da jirage da ke bin ma'aunin Yamma a farashi mai rangwame, tare da yardar koyar da sana'ar. Filifin ta karɓi sababbin jirage biyu daga kamfanin Hyundai a 2020 da 2021, Najeriya kuma ta ba Dearsan kwangilar jiragen sintiri biyu masu tsawon mita 76 a 2021.

Amma kada a ɗauka cewa sauya mai sayarwa yana kuɓutar da ƙasa daga hannun kowa, domin tutar da ke kan masana'anta ba ta faɗin inda injin ya fito. Tailan ta sa hannu da Sin a 2017 a kan jirgin ƙarƙashin teku, da sharaɗin a sa masa injin MTU na Jamus. Jamus ta ƙi ba da izinin fitar da injin zuwa Sin saboda takunkumin makamai da Turai ta sa wa Sin, sai aikin ya tsaya cak na tsawon shekaru alhali an riga an biya kaso mai yawa na kuɗin. Rasha ma ta faɗa irin wannan rami bayan ta ƙwace Kirimiya a 2014, domin injinan tobin na jiragenta a Yukiren ake ƙera su. Gangunan jirage suka zauna babu inji, har sai da Indiya ta sayi biyu daga ciki ta kuma je ta sayo injinan da kanta daga Yukiren. Hatta Faransa ta soke miƙa wa Rasha manyan jirage biyu samfurin Mistral da ta riga ta ƙera, Masar ta saye su a 2015. Wannan ne ya sa nake ganin jerin ƙasashen da suka ƙera inji da rada da makamai ya fi sunan masana'antar muhimmanci a teburin ciniki, kuma ya kamata a ga izinin fitar da kowannensu a rubuce kafin a biya kason farko.

Masar ta zaɓi rarraba ƙafa bayan Amurka ta dakatar da wani ɓangare na tallafin sojanta a 2013, ta sayo daga Faransa da Italiya da Jamus. Babu ƙasa ɗaya da za ta iya durƙusar da rundunarta, amma kowane samfuri yana bukatar rumbun kayan gyaransa da makarantarsa da ƙwararrunsa, kuma ƙasar da kasafinta bai kai na Masar ba za ta iya samun kanta da jirage iri biyar waɗanda ko matatar mai ɗaya ba su haɗa ba. Masu sayarwa biyu da ba sa cikin sansani ɗaya, da samfurin inji ɗaya ko biyu a dukkan rundunar, sun fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi.

Ƙerawa a gida ita ce hanyar da ta fi daɗin faɗi a majalisa, kuma tana da hatsarin da ya fi na sauran idan aka fara ta daga sama. Malesiya ta ba wata masana'antar cikin gida kwangilar manyan jiragen yaƙi shida bisa zanen Faransa a kan kuɗi sama da ringit biliyan 9 (ringit shi ne kuɗin Malesiya), da nufin karɓar na farko a 2019. A 2022 kwamitin majalisarta ya bayyana cewa an biya kimanin biliyan 6 ba tare da an miƙa ko jirgi ɗaya ba, daga baya aka rage adadin zuwa biyar. Indunusiya ta bi ta wata hanyar, inda aka ƙera jiragen dakon sojoji biyu na farko a Koriya ta Kudu, sauran kuma a masana'antar PT PAL da ke Surabaya, har ta kai ga sayar wa Filifin biyu a 2016 da 2017. Bangaladash ta miƙa masana'antar Khulna ga sojan ruwa a 1999, ta fara da ƙananan jiragen sintiri, sa'annan ta ƙera biyu mafi girma bayan an yi biyun farko a Sin. Najeriya ma a hankali ta hau, daga NNS Andoni mai mita 31 a 2012, zuwa NNS Karaduwa a 2016, zuwa NNS Oji a 2021. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa a duk waɗannan misalai inji da rada da bindiga daga waje ake shigo da su, kuma jirgin gida sau da yawa ya fi na waje tsada. Ribar ta haƙiƙa tana wurin masu walda da masu haɗa waya da injiniyoyin da suka san cikin jirgin, waɗanda za su iya gyara shi ba tare da an ja shi zuwa wata nahiya ba. Wannan riba kuwa takan watse idan aka bar masana'antar shekaru babu aiki.

Jiragen ƙarƙashin teku da masu dakon jiragen sama suna bukatar a yi musu magana ta dabam, ko da a taƙaice. Tailan ta karɓi jirgi mai dakon jiragen sama daga Sifaniya a 1997, shekarar da tattalin arzikinta ya faɗi, kuma tun 2006 ba shi da jiragen saman yaƙin da aka saye shi dominsu. Afirka ta Kudu ta sayi manyan jirage huɗu da na ƙarƙashin teku uku daga Jamus a cinikin 1999, amma kasafin gyara bai bi sahun na saye ba, har garambawul ɗinsu ya yi ta jinkiri. Biyetnam, wadda ta yi odar jiragen ƙarƙashin teku shida daga Rasha a 2009, tana da dalilin da kowa zai gane, wato maƙwabcin da ya fi ta ƙarfi. Bangaladash ta biya kimanin dala miliyan 203 a kan tsofaffi biyu daga Sin, suka shiga aiki a 2017, sai kuma ya zama dole a gina musu sansani na musamman. Abin da ya fi tayar mini da hankali a nan shi ne rayuka, domin tsohon jirgin saman ruwa idan ya lalace yakan tsaya ne a jawo shi, na ƙarƙashi kuwa ba ya ba da wannan dama: Ajantina ta rasa mutum 44 a San Juan a 2017, Indunusiya ta rasa 53 a Nanggala a 2021, kuma jiragen biyu duk sun haura shekara talatin.

Ga ƙasar da matsalarta fashi ce da satar kifi da fasa-ƙwauri, zaɓin da nake ganin ya fi shi ne sababbin jiragen sintiri masu tsawon mita 60 zuwa 90, samfuri ɗaya, aƙalla uku ko shida, a ƙera na farko a waje, a riƙa matso da aikin gida a hankali, a kuma tallafa musu da rada a bakin gaɓa da jiragen sama na leƙen asiri. Gwanjo a nan gada ce ta shekaru biyar zuwa goma, kuma ya kamata a sa ranar ritayarsa tun ranar karɓarsa. Ga ƙasar da ke fuskantar maƙwabci mai ƙarfi, ba za ta iya yin gasar yawan jirage ba, don haka makamai masu linzami da ake harbawa daga tudu sun fi ba da kariya a kan kowace dala. Filifin ta sayi irin waɗannan makamai samfurin BrahMos daga Indiya a 2022 a kan kimanin dala miliyan 375, nutsar da jirgin yaƙin Rasha mai suna Moskva da Yukiren ta yi daga gaɓa a watan Afrilun shekarar kuma ya nuna abin da irinsu ke iya yi. Irin wannan ƙasa ba ta da damar tsayawa tsakiya kamar ta farko, shi ya sa Filifin ta soke cinikin jirage masu saukar ungulu da Rasha a 2022 don gudun takunkumin Amurka, ta kuma ƙara yawan sansanonin da sojojin Amurka za su iya amfani da su zuwa tara a 2023.

Ko wace hanya aka bi, kiyasin da aka saba yi shi ne kuɗin saye bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da jirgi zai ci a tsawon rayuwarsa ba, sauran na mai ne da albashi da gyara. Saboda haka kwangilar da ta cancanci a sa mata hannu ita ce wadda ta ƙunshi kayan gyara na shekaru da dama da za su iso tare da jirgin, da zane-zane da littattafan gyara tare da izinin amfani da su a gida, da horar da rukuni biyu na ma'aikata maimakon ɗaya, da biyan kuɗi kashi-kashi bayan kowane mataki ya kammala an kuma duba shi. A kula musamman da jirgin da aka tanadar masa gurbin makami ba tare da makamin ba, kamar yadda aka yi wa jiragen Filifin biyu na Hyundai, waɗanda suka iso babu wasu daga cikin makaman da aka zana su da su. Dabara ce mai kyau idan majalisa ta riga ta sa kuɗin cike gurbin a kasafin shekaru masu zuwa, amma idan ba ta sa ba, wajibi ne a lissafa jirgin a matsayin na sintiri wajen tsara tsaron ƙasa har zuwa ranar da aka ɗora masa makaman.